Rahoton Haɗari da Takardar Tara a Waya: Amsa Ga Sakataren Tasha

Sakataren ƙungiyar direbobi na wata tasha da ke kan hanyar Ringim zuwa Haɗeja ne ya aiko da tambayar. Ya ce: "Ranka ya daɗe, muna ta jin cewa za a daina rubuta rahoton haɗari da takardar tara da biro, komai zai koma waya da kwamfuta. Direbobinmu sun kasu biyu. Wasu na cewa ƙarshen na-goro ya zo, wasu na cewa sabuwar hanyar tatsarmu ce, har gida za a riƙa biyo mutum da tara. Kai da ka yi aikin, me ka gani?"

Malam Sakatare, Allah ya bar zumunci. Kowane ɓangare na direbobinka yana da tasa gaskiyar, sai dai sun haɗa abu biyu da ba uwarsu ɗaya ba. Takardar tara daban, rahoton haɗari daban. Tara kuɗi take kawo wa gwamnati. Rahoton haɗari kuwa cin kuɗi yake yi, ba ya kawo ko sisi. Na yi shekaru a sashen 'yan sanda mai kula da zirga-zirgar motoci, mafi yawansu a karkara, daga baya aka zaunar da ni a teburin haɗa alƙaluman wata-wata har na yi ritaya. Abin da idona ya gane mini shi ne, duk lokacin da aka tashi zamanantar da aikin nan, tara ce ke shiga gaba da gudu, rahoton haɗari ya biyo baya yana ɗingishi. Kuma wanda ake bari a bayan, shi ya fi shafar ku da iyalan fasinjojinku. Don haka da shi zan fara.

A ce ranar Lahadi ce, an tashi daga kasuwar Gujungu, magariba ta kawo jiki. J5 ta ɗauko awaki da mutane, ta afka wa amalanken shanu da ba shi da ko ƙyalle mai sheƙi a baya. Kafin labari ya iso caji ofis, kafin a samo man da za a zuba a babur, an ci awa guda. Kana isa ka tarar an kwashe masu rauni a kurkura, an tura motar gefe don hanya ta buɗe, sawun birki kuwa jama'a sun tattake shi. Tocila a baki, tef ɗin awo a hannu, wani yaro ya riƙe maka ɗaya bakin. Ka shimfiɗa farar takarda a kan bonet ka zana hanya, ka sa alamar inda aka yi karon, ka auna daga wani abu da ba ya gusawa: turken wutar lantarki, bakin kwalbati, ko gindin kuka. Direba ya sa hannu, mai amalanke ya dangwala. In kun koma ofis a shigar a dayari, a buɗe fayil. Washegari jami'in duba lafiyar motoci ya zo ya duba birki da tayoyi ya rubuta nasa, likita ya rubuta nasa, shaidu su ba da nasu. A soke su duka da zare a bango guda.

Wannan fayil ɗin, a duk faɗin duniya shi kaɗai ne. Ba shi da na biyu.

A wani ofis da na yi aiki, rufin ɗakin ajiyar fayil yana yoyo. Wata rana wani dattijo ya zo neman rahoton haɗarin da ya kashe ɗansa shekara biyu da suka wuce. Masu tirelar sun yarda za su ba marayu wani abu, amma sai an kawo takarda. Muka shiga muka tono. Bangon yana nan, lambar tana nan, amma shafin zanen da na shaidu sun jiƙe sun manne, gara ta yi hanya ta tsakiyarsu. Wanda ya yi binciken an mayar da shi kudu tuntuni. Dattijon nan sai da ya yi zuwa huɗu, kowane zuwa da kuɗin motarsa. A na ƙarshe ya naɗe 'yar ledar takardunsa, ya cusa a aljihun gaba, ya ce, "To, yallaɓai, haka Allah ya so." Ban sake ganinsa ba. Kuma in faɗa maka, ba kowace gara ce mai ƙafa shida ba. Akwai shafin da ke ɓata saboda wani ya so ya ɓata, akwai kwanan watan da ke canjawa cikin dare.

Wannan asarar mutum ɗaya ke nan. Akwai ta jama'a, wadda ba a cika lura da ita ba. Ƙarshen wata kowane ofis zai ƙirga: haɗari nawa, mai kisa nawa, mai muni nawa, ƙarami nawa, rai nawa aka rasa. A aika hedikwata. Ni ne a bakin teburin, na san abin da ke isowa. Jimla ce zalla. Wurin ya ɓace, lokacin ya ɓace, dalili kuwa kusan kullum gudun wuce sa'a ne ko tuƙin ganganci, don su suka fi sauƙin rubutawa. Ba mai iya duba takardar nan ya ce kwana kaza ita ta fi cin rai a bana. Ga shi Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana tata ƙidayar, 'yan sanda suna tasu, asibitoci suna tasu, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ka dubi wannan. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018, adadin da Najeriya ta bayar na waɗanda suka mutu a kan hanya a 2016 shi ne 5,053. Ƙiyasin ita hukumar kuwa 39,802. Kusan ninki takwas. Ko mutum ya ce an yi ƙari a ƙiyasin, kai da kake zaune a tasha ka san inda da yawa daga cikin ragowar suka shiga. Ɗan acaɓa ya faɗi a hanyar burji da hantsi, kafin la'asar an yi masa sutura. An zauna gaban dagaci, an ce ƙaddara ce, mun yafe. Ba wanda ya taka caji ofis, kuma ban ga laifin kowa ba, don mutane sun san zuwan ba abin da zai ƙara musu sai wahala. Sai kuma waɗanda ke cikawa a asibiti bayan kwana biyar ko goma. Ƙa'idar da duniya ke bi ita ce, duk wanda ya rasu cikin kwana 30 sanadiyyar raunin, haɗarin ne ya kashe shi. A takarda, wa zai koma ya buɗe fayil ya gyara? An riga an rubuta "ya ji rauni", an aika. Ka tuna tankar man da ta kama wuta a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Adadin da aka fara faɗa bai kai ɗari ba, kafin mako ya zagayo ya haura 150. Wannan don duniya ta zuba ido ne aka ci gaba da ƙirgawa. Haɗarin mutum biyu a bayan gari ba mai bin sa asibiti.

To me waya za ta canja a nan?

Babban abin, a ganina, shi ne wuri. A takarda mukan rubuta "kusa da Kwanar Dumawa" ko "bayan Wudil kaɗan". Wannan "kusa" ɗin tana iya zama taku ɗari, tana iya zama kilomita uku. Wayar zamani kuwa tana ɗaukar ainihin inda kake tsaye ta hanyar tauraron ɗan'adam, abin da yara ke kira lokeshan, kuma wannan ba ya buƙatar sabis. Kowane haɗari ya zama ɗigo a taswira. Bayan shekara guda sai ka ga ɗigon sun taru a wuri uku ko huɗu kamar ƙuda a kan mangwaro. A nan ne zance ke tashi daga "direbobi ba sa jin magana" ya koma "kwalbatin nan ya fi hanyar ƙunci", ko "kasuwar nan ta cinye kafaɗar titi", ko "duk haɗarin nan tsakanin magariba da isha yake faruwa, kuma da amalanke". Da wannan taswirar shugaban ƙungiyarku zai iya tsayawa gaban ma'aikatar ayyuka ta jiha, ko FERMA, hukumar gyaran hanyoyin tarayya, idan hanyar ta tarayya ce, ya nuna da yatsa. Gani ya kori ji.

Sannan manhaja mai kyau ba ta barin jami'i ya tsallake gurbi. Dole ya faɗa ko da haske ko duhu, ko hanyar a jiƙe take, ko mai babur na da hular kwano, mutum nawa ne a motar. Lambar mota kuma, maimakon a kwafe ta da hannu a rikita 8 da B ko sifili da O, ana shigar da ita sunan mai motar da irinta su fito daga rumbun rajista. Idan lambar Golf ce aka liƙa wa Sharon, nan take za a gani. Haka inshora: akwai rumbun kamfanonin inshora da ake duba ta gaske da ta bogi. Tun Janairun 2023 inshorar dole ta ƙaramar motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Mutane na biya don gudun kamu, amma ƙalilan ne ke zuwa karɓar haƙƙinsu, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne wahalar samo rahoton 'yan sanda. Ranar da mutum zai iya kai lamba kawai a buga masa rahotonsa, inshora za ta fara zama abin amfani a ƙauye.

Abu na ƙarshe a wannan ɓangaren, wanda tsofaffin ma'aikata irina suka fi jin tsoro, shi ne na'ura tana barin sawu. Wa ya shigar, ƙarfe nawa, wa ya dawo ya gyara, me ya goge. Gara mai ƙafa biyu ba ta son wannan.

Ƙasashen da suka riga mu ba da sayen na'ura suka fara ba. A Amurka, inda kowace jiha ke da fom ɗinta, sai da suka zauna a 1998 suka fitar da jerin mafi ƙarancin bayanan da ya kamata kowane rahoto ya ƙunsa, don Jihar Iowa da ta Texas su riƙa nufin abu guda idan sun ce "mummunan rauni". A Ingila fom guda 'yan sanda ke bi, ana ce masa STATS19. Sun daidaita tambayoyin, na'ura ta zo ta tarar. A nan gida Hukumar Kiyaye Haɗurra tana da tsarin da ake kira NACRIS, wanda manufarsa ita ce a tara bayanan haɗari na hukumomi daban-daban a wuri guda. Manufa ce mai kyau. Amma rumbu ba ya cika kansa, sai abin da kofur ɗin da ke tsaye a bakin kwalbati ya zuba masa.

Yanzu mu zo kan tara, inda hankalin direbobinka yake.

Rabin aikin ai ya riga ya koma na'ura. Tun da gwamnatin tarayya ta tilasta asusun bai-ɗaya a 2015, tarar jami'an kiyaye haɗurra ta Remita, hanyar biyan kuɗin gwamnati ta intanet, ake biyan ta: a rubuta maka takardar laifi, a riƙe lasisi ko takardun mota, ka ciro lambar biya, ka biya a banki ko wajen mai POS, ka kawo rasit. Hukumomin jiha irin su KAROTA, wadda aka kafa a Kano a 2012, suna da nasu tsarin. A Legas har sun kai ga kyamara ta karanta lambar mota, saƙon tara ya shigo wayar mai ita ba tare da kowa ya tsayar da shi ba. Abin da ya rage shi ne ita kanta takardar ta bakin hanya ta koma waya.

Shin na-goro zai ƙare? Ƙofa ɗaya za a rufe, ɗaya tana nan a buɗe. Wadda za a rufe ita ce ta bayan an rubuta. A zamanin kabon na ga dabaru iri-iri. Akwai littafin rasit na bogi da aka bugo a kasuwa. Akwai sa kwali tsakanin shafi da kabon, a rubuta wa direba dubu goma a sama, daga baya a cike na ƙasa da dubu biyu. Akwai shafin da ake yagewa idan wani babba ya bugo waya. Duk waɗannan na'ura tana kashe su, don da zarar an danna, lamba ta fita, kuma soke ta sai da izinin na sama, da dalili a rubuce. Amma cinikin da ake yi ta tagar mota kafin a danna fa? Wannan yana nan daram. Har ma yana iya ƙara tsada, don yanzu akwai sabuwar barazana: "Ka ga in na danna, ko ni ba zan iya cirewa ba."

Maganin wannan kashi biyu ne, ɗaya a hannunku. Direba ya san farashin laifinsa. A jadawalin tarayya da aka daɗe ana aiki da shi, rashin ɗaura bel naira 2,000 ne, amsa waya ana tuƙi 4,000. Ka samo jadawalin da ke aiki yanzu daga ofishinsu mafi kusa, ka liƙa a bangon ofishin tasha, a karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Na sha ganin wanda ya ba da abin da ya fi tarar yawa don bai san adadinta ba. Ɗaya kashin kuwa na gwamnati ne, kuma shi ne ainihin zancen. Direban da ya ɗauko tumatir daga Kadawa ba tarar yake gudu ba, wunin yake gudu. A riƙe masa mota, ya hau acaɓa neman banki, a ce sabis ya ɗauke, ya dawo an tashi daga ofis, tumatir ya kwana a rana. Wannan wunin shi yake saye da na-goro. Idan tsarin ya ba shi dama ya karɓi lambarsa ya wuce, ya biya ta wayarsa ko wajen mai POS cikin wa'adi, kasuwar cin hanci ta rage riba da kanta. Idan kuwa aka kawo waya amma aka ci gaba da riƙe mota har sai an biya, to an gudu ne ba a tsira ba.

Masu cewa za a biyo mutum har gida, su ma ba su yi ƙarya ba, kuma a nan ne nake so ka buɗe kunne sosai. Na'ura ba ta san direba ba, lambar mota ta sani, da sunan da lambar wayar da ke manne da ita a rajista. To dubi motocin tasharka. Hannu na uku, na huɗu. Lambar Legas ko ta Abuja, takardu da sunan wani Alhaji da ya rasu tun shekaru. Lambar wayar da ke cikin rajista ta yaron shagon kwamfuta ce, ko ta dillalin da ya yi zirga-zirgar takardun. Saƙon tara zai tafi can, kai ba ka sani ba, sai ranar sabunta takardu a ce ana bin motar bashi. Juya zancen kuma: ka sayar da motarka da 'yar takardar hannu gaban mai unguwa, ba a yi canjin mallaka a ofishin rajista ba. Bayan shekara ta kaɗe mutum a Azare direban ya gudu. Aka shigar da lamba, sunanka ya fito. A da sai an yi wata ana rubuce-rubuce tsakanin jiha da jiha kafin a gano ka, wataƙila ma a gaji a bari. Yanzu minti ɗaya ne.

Akwai kuma rigimar da za ta taso tsakanin mai mota da direban da ke kawo masa balas. Tarar gudu ko lodin wuce kima ta shigo wayar mai mota, wa zai biya? Ku zauna a ƙungiyance ku yanke tun yanzu. Nawa ra'ayin, laifin tuƙi na direba ne, laifin taya da birki da takardu na mai mota ne, lodi kuwa a raba, don duk mun san wa ke matsa wa direba ya ƙara buhu.

'Yan damfara ma ba za su zauna ba. Za a fara turo saƙo cewa motarka ta yi laifi kaza, ka biya a asusu kaza kafin gobe. Duk asusun da ya fito da sunan mutum, ba na gwamnati ba ne. Kuma ka sanar da direbobinka cewa biyan tara amsa laifi ne don a huta da zuwa kotu. Wanda ya tabbata bai yi ba yana da damar ya ce a kai shi gaban alƙali. Tsarin da ya ba ka hanyar biya goma amma bai ba ka hanyar ƙorafi ko ɗaya ba sai ka je Dutse ko birnin Kano, tsarin karɓar haraji ne kawai.

Tunda an ambaci kotu: sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da shaidar da ta fito daga kwamfuta, amma da sharaɗin a nuna na'urar tana aiki daidai, yawanci ta hanyar takardar tabbaci daga wanda ke kula da ita. Gyaran da aka yi wa dokar a 2023 ya ƙara buɗe ƙofa ga sa hannu ta na'ura. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara da bai san wannan ba, lauya zai watsar masa da rahoto cikin minti biyar, komai kyan hotunan da ke ciki. Abin da ya fi damuna ma shi ne shaidan ƙauye. Bafulatanin da ke kiwo a gefen hanya ya ba da bayani da Fulatanci ko Hausa, an rubuta da Turanci, an ce ya dangwala. A takarda ma zalunci ne idan ba a karanta masa ba, balle a gilashin waya. Amma wayar tana da abin da biro ba shi da shi: tana ɗaukar murya. Da ni ake shawara, da na ce a naɗi bayanin kowane shaida da bakinsa da harshensa, a manna a rahoton.

Kada in cika ka da daɗin baki, bari in gaya maka yadda irin wannan aikin ke mutuwa a karkara, don na ga gawarsa. An taɓa kawo mana kwamfuta guda a wani ofis, aka yi taro aka ɗauki hoto. Ba wuta, janareta ba mai. Aka ɗinka mata riga saboda ƙurar hunturu. Da aka matsa daga sama cewa sai an shigar da rahotanni, sai aka ɗora wa wani kurtu mai ɗan ilimin kwamfuta. Ƙarshen wata ya kwashi fayiloli ya tafi shagon caji a cikin gari, ya zauna yana kwafewa. Inda takarda ba ta faɗi komai ba, sai ya zaɓi abin da ya fara fitowa a jerin. Wata guda duk haɗurranmu suka zama na ranar da sama take garau, a miƙaƙƙiyar hanya, alhali a tsakiyar Agusta muke. Lambar sirri kuwa guda ce, a rubuce a jikin bango, kowa da ita yake shiga. Ka ga sawun da na yaba ɗazu ya zama sawun kasuwa, ba a san na wa ba ne.

Saboda haka idan shirin ya iso yankinku, kar ka tambayi irin wayar. Ka tambaya ko manhajar tana aiki ba sabis, ta ajiye ta aika daga baya, don tsakanin garuruwanmu akwai wuraren da ko kira ba ya shiga. Ka tambaya wa ke sayen data, wa ke gyara idan gilashi ya fashe, ko akwai sola a ofishin. Duk kuɗin da gwamnati ba ta ware ba, a ƙarshe daga aljihun direba ko na dangin mamaci zai fito, da sunan "kuɗin data". Ka tambaya ko kowane jami'i na da tasa lambar sirrin. Ka tambaya ko babban asibitin yankin yana cikin tsarin, don ba tare da shi ba zancen kwana 30 ɗin nan tatsuniya ce.

Hotuna kuma amana ne. Jami'in da ya ɗauki hoton gawa don rahoto, kafin dare ya yi hoton yana yawo a WhatsApp, uwa ta ga ɗanta kafin a zo mata da labari, wannan ya ci amanar aiki. Akwai Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, kuma ya kamata a ce da wayar ofis ake aikin, ba da ta aljihun jami'i ba. Ku ma ku ja kunnen yaran tasha.

Kuma jama'a suna da ta cewa a irin wannan. A watan Yulin 2024 rundunar 'yan sanda ta sanar da ranar fara kamen waɗanda ba su yi sabuwar rajistar motoci ta intanet ba, wadda ake kira e-CMR. Aka yi ca, lauyoyi suka yi magana, kafin ranar ta zo Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya dakatar da kamen don a ƙara wayar da kai. Ƙungiya irin taku tana da baki, kuma abin da nake so ku nema da shi ƙarami ne: duk haɗarin da jami'i ya halarta, kafin ya bar wurin ya ba direba da dangin wanda abin ya shafa lambar rahoto, a saƙon waya ko a guntuwar takarda, kyauta. Da dattijon nan da ya zo neman rahoton ɗansa na da irin wannan lambar, da a kowane ofis ya tsaya za a buga masa.

Kafin nan, ka sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi ka ajiye a ofishin tasha. Duk haɗarin da motarku ta shiga, ko an je caji ofis ko an yi sulhu, a rubuta rana, lokaci, lambar mota, sunan direba, ainihin wurin, da sunan jami'in da ya zo idan an zo. Wani yaro mai babbar waya ya ɗauki lokeshan ɗin da hoton shafin, ya tura wa mutum biyu. Idan wanda aka kai asibiti ya cika daga baya, a koma a ƙara. Direbobi su haddace 122, lambar gaggawa ta jami'an kiyaye haɗurra, su kuma san cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, don haka ba a jiran takardar ɗan sanda kafin a tsayar da jini. Ranar kasuwa mai zuwa kuma, kafin a fara lodi, ka sa kowa ya fito da takardun motarsa ku bi su ɗaya bayan ɗaya: sunan wa ke ciki, lambar wayar wa ke ciki. Waɗanda suka saɓa, ku tara su ku je ofishin rajistar motoci a rana guda, shugabanku a gaba. Ya fi sauƙi da arha a kan kowa ya tafi shi kaɗai ta hannun dillali.